Yadda Ake Tsara Yini Guda na Nutso, Yawon Buɗe Ido da Cin Abinci a Tsibiri

Wanda ya sami hutu a ɗaya daga cikin tsibiran yankuna masu zafi, ko Zanzibar ne ko Bali ko tsibiran Maldibis, yakan so ya haɗa abubuwa uku a yini guda: ya shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska ya ga murjani da kifaye, ya zaga gari ya kashe ƙwarƙwatar ido, sannan da dare ya zauna ya ci abin da masunta suka kamo. Duk ukun suna yiwuwa a rana ɗaya, amma ba a jera su yadda aka ga dama. Nutson ne yake jan ragamar sauran, domin iskar da mutum ya shaƙa a ƙarƙashin ruwa tana barin wani abu a jikinsa wanda ba ya gama fita sai bayan sa'o'i masu yawa, kuma wannan abin ne zai yanke inda za a je da rana, da abin da za a sha da dare, da ranar da za a hau jirgin sama.

Tukunyar da mai nutso yake goyawa ba oksijin zalla ne a cikinta ba, kamar yadda mutane da yawa suke zato. Iska ce irin wadda kowa yake shaƙa, an tace ta an matse ta: kashi 21 cikin ɗari oksijin, kimanin kashi 78 kuma naitrojin. Jiki yana amfani da oksijin, naitrojin kuwa shiga kawai yake yi ya fito. A ƙarƙashin ruwa lissafin yana canjawa. Duk mita 10 da mutum ya sauka, ruwan teku yana ɗora masa matsi daidai da na dukan iskar da ke kansa yana tudu, saboda haka a mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 20 ninki uku, a mita 30 ninki huɗu. Wannan matsi yana sa naitrojin ya narke cikin jini da tsoka, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawan abin da zai taru. Idan aka hau sannu a hankali, huhu yana fitar da shi ba tare da an ji komai ba. Idan kuwa aka hau da gaggawa, sai jiki ya zama kamar kwalbar lemo mai gas da aka ɓalle murfinta farat ɗaya: kumfa ta taso a cikin jini da gaɓoɓi. Wannan shi ne ciwon kumfar jini da masu nutso suke tsoro, kuma yana iya kama mutum bayan ya fito, ya yi wanka, har ya zauna cin abinci.

Mataki na farko: tun kafin a sayi tikiti

Kowace cibiyar nutso ta ƙwarai za ta miƙa maka takardar tambayoyi game da lafiyarka. Ana tambaya a kan asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga, sikila, tiyatar kunne ko ta ƙirji, da magungunan da kake sha kullum. Wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan za a nemi ya kawo takardar likita, don haka gara ka ga likitanka kafin tafiya da ka tsaya neman asibiti a tsibiri ranar da jirgin ruwa zai tashi. Mace mai juna biyu ba ta nutso. Kada ka ɓoye komai a wannan takarda don gudun a hana ka shiga ruwa.

Sai maganar horo, kuma hanyoyi biyu ne. Wanda bai taɓa nutso ba yana iya yin nutson gwaji: a ba shi ɗan gajeren darasi, ya gwada kayan a ruwan da bai shanye kansa ba, sannan malami ya shiga teku da shi, ba tare da sun wuce mita 12 ba. Ana karɓar yara daga shekara 10, kuma ba a bayar da katin shaida bayan an gama. Wanda yake son katin sai ya ware kwana uku zuwa huɗu don kwas na matakin farko, inda za a gwada ko zai iya iyo na mita 200 da tsayuwa a saman ruwa na minti 10, ya yi nutso huɗu a teku, a ba shi izinin sauka har mita 18. Mataki na gaba yana kai mutum mita 30, iyakar nutson nishaɗi kuma mita 40 ce. Ƙungiyoyin da aka fi sanin katinsu a duniya su ne PADI, wadda aka kafa a 1966, da SSI da CMAS. A ganina kada baƙo ya raina mita 12, domin murjani mai son hasken rana ne, kuma yawancin launuka da ƙananan kifaye a wannan tsakanin suke. Wanda yake da kati amma ya daɗe rabonsa da ruwa ya nemi darasin tunatarwa na 'yan sa'o'i.

Ka duba yanayin tsibirin kafin ka tsayar da wata. Zanzibar tana da babbar damina daga Maris zuwa Mayu, Maldibis ta fi bushewa daga Disamba zuwa Afrilu, Bali daga Afrilu zuwa Oktoba, yankin Karibiyan kuma yana cikin lokacin guguwa daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. Ka karanta inshorar tafiyarka da kyau, domin wasu ba sa biyan jinyar haɗarin nutso, wasu kuma suna ƙayyade zurfi. Ƙungiyar DAN, wadda take kula da lafiyar masu nutso tun 1980, tana sayar da inshora ta musamman, tana kuma da layin wayar gaggawa dare da rana.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne inda za ka ajiye ranar nutso a cikin kwanakin hutunka. Kada ta zama ranar isowa, lokacin da gajiya da ƙishirwar jirgi ba su sake ka ba, kada kuma ta zama ranar ƙarshe. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso biyu ko fiye, kuma cibiyoyi da yawa suna cewa a cika awa 24 don hankali ya kwanta. Dalili shi ne matsin iska a cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, kuma raguwar matsi ita ce take tayar da kumfa.

Mataki na biyu: yammacin jajibiri

Ka je cibiyar da ƙafarka da yammacin ranar da ta gabata, kada ka dogara ga hotunan intanet ko ga wanda ya tare ka a bakin teku da farashi mai sauƙi. Ka dubi bututun robar na'urorinsu ko sun tsattsage, ka dubi abin da ake cizawa a baki ko ya tattaune, ka tambaya mutum nawa jagora ɗaya yake riƙewa. Tambayoyi biyu ne ba a kunyar yin su: shin akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a cikin jirgin, kuma ina ne ɗakin matsi mafi kusa, wato wurin da ake jinyar ciwon kumfar jini? Cibiyar da ta san aikinta za ta amsa nan take. Wadda ta fara kame-kame, ka yi mata sallama.

A nan ne kuma ake gwada kaya a natse. Gilashin fuska ya fi komai ɓata wa baƙo rai idan bai zauna ba. Ka ɗora shi a fuskarka ba tare da ka sa igiyarsa ba, ka ja iska kaɗan ta hanci, ka saki hannu. Idan ya manne, naka ne, idan ya faɗo, a canza maka. Rigar roba ta kama jiki ba tare da ta shaƙe wuya ba. Wani zai ce me ya kawo riga a tekun da ɗuminsa yake kai maki 27 ko 28 a ma'aunin Selsiyas, amma ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma bayan minti arba'in sanyi yakan shiga. Mai kaurin milimita 3 ta isa a irin wannan ruwa.

Da dare ka sha ruwa sosai, ka bar barasa, ka kwanta da wuri. Idan ka wayi gari da mura ko toshewar hanci, ka ɗage nutson, domin kunnen mai mura ba ya daidaita matsi, kuma maganin buɗe hanci yana iya sakin mutum yana can ƙasa.

Mataki na uku: safiya da jirgin ruwa

Ana nutso da safe ne saboda teku ya fi kwanciya kafin iskar rana ta taso, kuma hakan yana ba jiki sauran yinin ya fitar da naitrojin. Ka karya da abu marar nauyi, kamar burodi da ƙwai da ayaba, awa ɗaya ko biyu kafin tashi. Cikin da ya cika da maiƙo da wanda babu komai a cikinsa, duka biyun suna jawo amai a kan ruwa. Wanda ya san jirgi yana juya masa kai ya sha maganin hakan tun yana tudu, kuma ya fi kyau a ce ya taɓa gwada shi, domin wasu suna sa barci. A jakarka ka sa tawul, gorar ruwa, hula, riga mai dogon hannu da katin shaidarka. Game da man kare fata daga rana, ka duba abin da aka haɗa shi da shi: ƙasar Palau tun 2020, da jihar Hawai ta Amurka tun 2021, sun hana sayar da masu wasu sinadarai da ake ganin suna cutar da murjani. Riga mai dogon hannu tana rage buƙatar man gaba ɗaya.

Kayan da za a ɗora maka ba su da yawa idan ka san aikin kowanne. Tukunya tana ɗaukar lita 11 ko 12, ana cika ta zuwa ba 200, wanda shi ne ma'aunin matsin iskar da ke ciki. Na'urar shaƙa ita ce take sassauta wannan matsi ta ba ka iska daidai da zurfin da kake, kuma asalinta ƙirar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka yi ne a 1943. Tana da baki na biyu, galibi rawaya, don taimakon abokin da iskarsa ta ƙare. Akwai falmaran mai hura iska wadda take riƙe tukunyar, ana hura ta don a taso, a sace ta don a sauka. Akwai ɗamarar dalma, da takalman iyo masu faɗi, da ma'aunin iska, da kwamfutar hannu mai kama da agogo wadda take lissafa zurfi da lokaci. Kafin ka goya tukunyar, ka buɗe ta ka shaƙi iskar sau uku ko huɗu kana kallon allurar ma'auni. Allurar kada ta motsa, iskar kuma kada ta yi warin mai ko hayaƙi. Idan ta yi, a canza tukunya.

Jagora zai yi bayanin wurin kafin a shiga: zurfinsa, inda ruwa yake ja, tsawon lokacin da za a yi, da abin da za a yi idan an rabu. Ka ajiye waya ka saurara. Tun da ba a magana a ƙarƙashin ruwa, da hannu ake zance, kuma akwai alama ɗaya da take rikita baƙi: ɗaga babban yatsa sama yana nufin a hau, ba yana nufin komai lafiya ba. Lafiya lau ita ce haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe. Shimfiɗa tafin hannu ana karkaɗa shi yana nufin akwai matsala, sai ka nuna inda take, kunne ne ko ciki. Dunƙule hannu a ƙirji yana nufin iska ta yi ƙasa, gitta hannu a maƙogwaro kuma yana nufin ta ƙare. Daga nan kai da abokin nutsonka ku duba juna: falmaran tana hurawa tana sacewa, ɗamara tana nan kuma kun san yadda ake kwance ta, madaurai sun kama, tukunya a buɗe take.

Mataki na huɗu: sauka da zama a ƙasa

Ko ta hanyar taka babban taku daga gefen jirgi za a shiga, ko ta hanyar faɗawa da baya daga ƙaramin kwalekwale, ka hura falmaran tukuna, ka dafe gilashi da na'urar shaƙa da tafin hannu ɗaya. Idan kowa ya taru a saman ruwa, jagora zai juya babban yatsa ƙasa, sai a fara sace iska ana sauka da ƙafafu a ƙasa, kai a sama.

Mitocin farko su ne masu wuya ga kunne, domin a nan matsi ya fi saurin canjawa. Ka toshe hanci da yatsu biyu ta cikin robar gilashin, ka hura a hankali har ka ji kunnuwa sun buɗe, ko ka haɗiyi yawu kana motsa muƙamuƙi. Ka fara tun kanka bai gama nutsewa ba, ka maimaita a kowace mita, tun kafin ka ji zafi. Idan kunne ya ƙi, ka yi wa jagora alama, ka ɗan hau mita ɗaya ka sake gwadawa. Kada ka hura da ƙarfi, kada kuma ka daure ka ci gaba da sauka don kunyar ana jiranka, domin ta haka ne dodon kunne yake fashewa.

Dokar da ta fi kowace a nutso ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka cika huhunka da ita a mita 10 za ta ninka girmanta kafin ka kai sama, kuma idan ba ta sami hanyar fita ba sai ta yaga huhu. Hawan mita ɗaya ko biyu da numfashi a riƙe ya isa ya yi ɓarna. Ka riƙa shaƙa a hankali, kana fitarwa a hankali, ba tsayawa. Idan ruwa ya shiga gilashi, ka danne samansa a goshi, ka ɗan ɗaga kai, ka fitar da iska ta hanci, ruwan zai fice ta ƙasa. Idan tsoro ya taso maka, ka tsaya cak, ka dafa jagora ko igiya, ka yi dogon numfashi sau da yawa kafin ka yanke shawarar komai.

Da zarar jiki ya daidaita, ka kwanta a miƙe, ka naɗe hannuwa a ƙirji, ka bar ƙafafu su yi aiki daga ƙugu. Wanda yake sauri ba ya ganin komai. Ka tsaya a gaban dunƙulen murjani guda na minti biyu: za ka fara ganin ƙananan kifaye masu ruwan lemo suna shawagi a kansa, su shige cikin rassa gaba ɗaya idan inuwarka ta gitta, su sake fitowa ɗaya bayan ɗaya, can ƙasa wataƙila wani babban kifi ya buɗe baki ya tsaya shiru, wani siriri yana shiga yana tsince masa ƙwari a tsakanin haƙora. Za ka ji ƙarar ɓarɓas-ɓarɓas ta kifi mai baki irin na aku yana gurgurar murjani. Komai zai yi maka kamar ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma jan launi yana fara ɓacewa tun daga wajen mita 5, shi ya sa jagora yake riƙe tocila ko da rana tsaka.

Kada ka taɓa komai. Murjani ba dutse ba ne, tarin ƙananan halittu ne masu rai, kuma reshen da bugun takalmi ɗaya ya karya yakan ɗauki shekaru kafin ya dawo. Ƙin taɓawar kariya ce gare ka ma: akwai murjani mai ƙuna kamar wuta, akwai bushiyar ruwa mai dogayen ƙayoyi, akwai kifi mai kama da dutse wanda dafinsa yake cikin mafi muni a teku, akwai kuma dodon koɗi mai siffar mazurari da ke harbi. Kunkurun ruwa da huhu yake numfashi, don haka kada a tare masa hanyar hawa.

Ka riƙa duba ma'aunin iska duk bayan 'yan mintoci, domin a mita 20 iska tana ƙarewa sau uku fiye da yadda take ƙarewa a sama. Ka sanar da jagora idan ta kai ba 100, kuma ka shirya ka kasance a saman ruwa da ba 50 a tukunya. Kwamfuta kuma tana nuna mintocin da suka rage kafin naitrojin ya wuce kima. A jadawalin PADI minti 56 ne a mita 18, amma minti 20 kacal a mita 30. Idan ka nemi abokan tafiya ka rasa, ka dudduba na minti ɗaya, sannan ka hau a hankali ku haɗu a sama.

Mataki na biyar: hawowa da hutun tsakani

Hawowa ba ta wuce mita 18 a minti ɗaya, yawancin kwamfutoci ma a mita 9 ko 10 suke fara ƙara. Kana hawa kana sace iskar falmaran, domin ita ma tana kumbura, kuma idan ka bar ta za ta fizge ka sama. A mita 5 ana tsayawa minti 3. Daga nan a ƙarasa a hankali, hannu ɗaya a sama, ido yana duban ko akwai jirgi. Kana fitowa ka hura falmaran, kada ka cire gilashi da na'urar shaƙa sai ka kama tsani.

Yawancin cibiyoyi nutso biyu suke shiryawa da safe, da hutun kimanin awa ɗaya a tsakani. Ka yi shi a inuwa, da ruwan sha da 'ya'yan itace. Al'adar masu nutso ita ce a fara da mai zurfi, na biyu ya zama marar zurfi. Wasu wuraren ma ba sa buƙatar jirgi: a ƙauyen Tulamben na Bali, daga bakin teku ake taka ƙafa a isa ga tarkacen jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Liberty, wanda aka harba a 1942, ya zauna a gaɓa har aman wutar dutsen Agung na 1963 ya tura shi cikin ruwa. Samansa yana wajen mita 5, ƙasansa wajen mita 30, don haka baƙo da gwani kowa yana da rabonsa.

Mataki na shida: yawon rana

Wajen azahar an dawo tudu, da yunwa da kasala. Ka watsa ruwan daɗi marar zafi, ka ci abincin rana matsakaici, ka sha ruwa ko ruwan kwakwa, ka ɗan kishingiɗa har zafin rana ya karye. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin sun ɗauka an gama da teku, alhali naitrojin yana nan a jiki. Hawa dutse da mota daidai yake da hawa jirgin sama. Dutsen Batur na Bali yana da tsayin mita 1,717, a jihar Hawai Haleakala na tsibirin Maui ya kai mita 3,055, Mauna Kea kuma mita 4,207, kuma dukansu wuraren da ake kai baƙi ne kallon fitowar rana ko faɗuwarta. Irin wannan yawo sai a yi shi kafin ranar nutso, ko a bari sai an cika sa'o'in jira. Ka tambayi direba ko hanyar da za ku bi tana ratsa tsaunuka, domin wani lokaci wurin da za a je yana bakin teku amma hanyar ce take hawa. Tsibiran Maldibis shimfiɗaɗɗu ne, babu tudu, sai dai ana zirga-zirga tsakaninsu da ƙananan jiragen sama masu sauka kan ruwa, kuma su ma sai an tambayi cibiya kafin a hau. Haka nan a bar motsa jiki mai tsanani, da wanka da ruwa mai zafi sosai, da tausa mai ƙarfi, da nutso da riƙe numfashi.

Abin da ya dace da wannan yammaci shi ne tafiyar ƙafa a hankali a wuri marar tudu: tsohon gari, kasuwa, gidan tarihi, gonar kayan ƙamshi. A Zanzibar, misali, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000 ya isa ya cinye yammaci guda, da lungunansa da ƙofofinsa na katako masu sassaƙa da tsohuwar ganuwarsa ta bakin ruwa. Wanda ya fi son daji kuma ya nufi Jozani ya ga jajayen birai da ba a samun irinsu a wata ƙasa, ko ya je gonakin kanumfari da kirfa. Wuri ɗaya ya isa. Ka sa tufafi masu rufe jiki idan ka bar bakin teku, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, ka daidaita kuɗin mota kafin ka shiga. Kada ka sayi tsarabar da aka yi da murjani ko ƙoƙon bayan kunkuru, domin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda ta fara aiki a 1975, ta taƙaita cinikinsu, kuma jami'an kwastan suna iya ƙwacewa su ci tarar mai su. Kusa da tsakiyar duniya rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jinkiri, saboda haka wanda yake son kallon faɗuwarta ya isa wurin da wuri, da maganin sauro a jikinsa.

Mataki na bakwai: abincin dare

A gidajen abinci na bakin teku sau da yawa ana shimfiɗa kamun ranar a kan ƙanƙara, mutum ya zaɓa da kansa. Sabon kifi idonsa garau yake, ƙarƙashin murfin kuncinsa ja ne, namansa yana dawowa idan an danna, kuma ba ya ƙarni mai ƙarfi. Idan da nauyi ake sayarwa, a auna a gabanka, a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta, ka kuma duba ko an riga an sa ladan hidima a takardar biya. Wanda akwai abin da ba ya ci, saboda lafiya ko saboda addini, ya faɗa tun farko, ya tambayi abin da aka sa a miya. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba kada ya fara a wannan dare, domin jikin wasu ba ya karɓarsu.

Akwai wata guba mai suna siguwatera da take taruwa a jikin manyan kifaye masu farauta a wuraren murjani, musamman barakuda da kifin nan mai siffar maciji da ke fakewa a ramuka. Dahuwa ba ta kashe ta, ƙanƙara ba ta kashe ta, kuma ba ta da wari ko ɗanɗano. Tana kawo amai da gudawa, da tsikari a leɓe da yatsu, har mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar yana ƙuna. Ga mai nutso matsalar biyu ce, domin wasu alamominta suna kama da na ciwon kumfar jini, sai likita ya rasa wanne zai fara bi. Ka zaɓi ƙananan kifaye ko na tsakiyar teku, ka bar kai da hanta da kayan ciki, ka tambayi mutanen wurin irin wanda su ba sa ci. A kasuwannin dare, irin ta lambun Forodhani a Zanzibar, ka tsaya inda mutanen gari suka yi layi, ka sa a gasa maka a gabanka har ya dahu, ka sha ruwan gora mai hatimi. Barasa tana busar da jiki tana kuma ɓoye alamun ciwo, don haka barinta a wannan dare shi ne daidai, balle idan akwai nutso washegari.

Kafin ka kwanta, ka rubuta a littafin nutsonka wurin da aka je, da zurfi, da mintoci, da nauyin dalmar da ka ɗaura, da lokacin da ka fito daga ruwa na ƙarshe, domin daga wannan lokacin ne ake ƙirga sa'o'in hawa jirgi. Ka ɗauraye kunnuwa da ruwa mai tsabta ka bar su su bushe, ba tare da ka cusa musu komai ba. Sannan ka lura da jikinka, kai da abokin ɗakinka: ciwo mai zurfi a kafaɗa ko gwiwar hannu, gajiyar da ta wuce misali, mutuwar wani sashe na jiki, jiri, ƙuraje masu dabbare-dabbare a ciki ko ƙirji, ko wahalar fitsari. Yawancin alamun suna bayyana a cikin sa'o'in farko, kusan dukansu kafin a cika awa 24. Idan ka ga ɗaya daga ciki kada ka jira gari ya waye, kada kuma wani ya ce maka ka koma ruwa ya warware. Ka kwanta, a kira cibiyar da layin gaggawa, a sa maka oksijin zalla da zarar an samu, a tafi da kai asibiti tare da kwamfutar da ka yi nutso da ita, domin likita zai so ya ga zurfi da lokacin da ta adana.